Motar da Ta Koma Ɗauko Gwaggo

Tun da na dawo daga Riruwai ban ɗinka riga ɗaya a natse ba. Duk wanda ya leƙo shagona a kasuwar Bebeji, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Habu, wai da gaske a motar Iliya kuka je kuka dawo?" 'Yan majalisarmu kuwa sun samu abin yi, wai na rame, wai turin mota ya yi mini abin da azumi ya kasa. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa yau na rufe keke na zauna in faɗe shi tun daga tushe.

Wanda bai san motar Iliya ba baƙo ne a ƙasar nan. Irin dogayen nan ce masu kujeru layi uku, ƙirar Faransa, masu zaki a goshi. Da can fara ce, yanzu kuwa sai dai a ce launin kunun kanwa. Sunanta Dattijuwa. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya cika ya koma sifiri, ya sake cika, daga baya ya gaji ya tsaya, ita ba ta tsaya ba. Ƙofar baya ta hagu ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Kik ɗinta ya mutu tun lokacin da kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, Iliya kuma ya rantse ba zai saka mata na jabu ba, saboda haka da turi take tashi. Amma injinta ba a taɓa sauke shi ba, kuma in ta tashi ba ta san wani abu wai shi tsayawa a hanya ba. Duk ranar kasuwa tana kan titi da buhuna da awaki da mutane, daga Bebeji zuwa Kiru, daga Kiru zuwa Tiga.

Asalinta ta Baffa Dauda ce, wan mahaifina. A hannun wani ma'aikacin kuza ya saye ta, ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Kano da Jos, Iliya yana yaron motarsa. Da idon Baffa ya yi yana ya daina ganin hanya, sai ya damƙa wa Iliya makulli. Yau Iliya da kansa ya yi furfura.

Abin da ya kai mu Riruwai ya samo asali ne tun shekarar da ruwan Tiga ya ci ƙauyenmu, Tsamiyar Liman. An daɗe da gaya mana mu tashi, mutanenmu suna jan ƙafa, sai da damina ta yi nisa ruwa ya fara lasar gonaki sannan kowa ya rikice. Baffa ya yi ta kwasar mutane a Dattijuwa yana kai su sabon matsuguni. A sahun ƙarshe mota ta cika maƙil, kakarmu tana kwance ba lafiya a kujerar tsakiya. Ƙanwar Baffa, Gwaggo Asabe, ta fito da turmin kakar tamu, wani jibgegen turmin ƙirya, ta ce sai an saka shi. Baffa ya ce babu wuri. Ta ce in babu wurin turmi babu wurinta. Ransa ya ɓaci ya ce, "To zauna da turminki," ya ja mota da niyyar ya sauke su ya dawo. Kafin ya dawo ruwa ya raba hanya. Kwana biyu ya yi a bakin ruwan yana danna ham yana kiran sunanta. Ita kuwa ta bi wasu mutane ta kan tudu, sai ga ta ta ɓullo lafiya lau da turmi a ka. Kowa ya yi dariya aka wuce wurin, ban da Baffa. Ya ce ba zai iya zama yana kallon ruwan nan kullum ba, ya kwashe iyalinsa ya koma Riruwai.

To da tsufa ya kama shi, sai hankalinsa ya koma ranar nan ya zauna. Kullum maganarsa ɗaya ce: a kawo mota, Asabe tana can, ruwa yana zuwa. Gwaggo ta je masa sau biyu a motar haya. Ya gaishe ta da ladabi kamar baƙuwa, sannan ya tambaye ta ko ta ga Asabe a hanya. Ta dawo ba ta gaya wa kowa ba sai ni, tana faɗa tana share ido da bakin mayafi.

Cikin daminar nan wani mai kai busasshen kifi Riruwai ya dawo da saƙo. Baffa ya daina cin abinci, wai ba zai ci ba ƙanwarsa tana cikin ruwa, har rarrafe yake yi yana neman ƙofa. Gwaggo ta aika aka kira Iliya, aka kira ni. Muka durƙusa muka gaishe ta.

Ta ce, "Iliya, motar nan za ta kai Riruwai?"

Ya ce, "Gwaggo, in Allah ya yarda har Jos za ta kai. Ai ta fi ni sanin hanyar."

"To gobe da sassafe. Ni na je masa bai san ni ba. Motar yake kira, motar za a kai masa ina ciki." Ta juyo gare ni. "Kai kuma Habu, jikin nan da kake ta tarawa a kan keke, ga ranarsa ta zo."

Na ɗauka na fahimci abin da take nufi, sai da gari ya waye na tarar da turmin nan a ƙofar gida yana jirana. Na ce, "Gwaggo, a Riruwai babu turmi ne?" Ta ce in saka shi in rufe mata baki. Na rungume shi na cusa a baya ina nishi, Iliya yana gefe yana goge gilashi kamar bai gani ba. Ga kuma ƙullin busasshen kifi da ta ce tsaraba ce, wai kifin da ya yi kiwo a kan gonar ubansu.

A nan ne na fara gane yadda Iliya yake kallon duniya. Mu in mun shiga gari muna duba masallaci ne da mai shayi. Shi gangara yake dubawa. Babu wani tudu tsakanin Bebeji da Jos da bai san shi ba, ya san wanda ke tayar da mota da mutum ɗaya da wanda sai an yi gayya. Ba ya kashe ta sai hancinta yana kallon ƙasa, ga dutse a gindin taya. A ƙofar gidan Gwaggo babu gangara, saboda haka da ni aka yi bismillah. Na tura, na tura, har na fara ganin taurari, sannan ta yi tari ta kama. Na bi ta da gudu na faɗa ciki, Gwaggo ta ce, "Ɗaga ƙofar," na ɗaga ta rufu.

A Kwanar Dangora, ta ƙasar Kiru, muka tsaya shan mai. Wani matashin direba mai sabuwar mota irin 'yan Kwatanon nan da suka fara shigowa ya leƙo ya ce, "Baba Iliya, gidan tarihi za a kai ta ne?" Iliya ya yi murmushi ya ce, "A'a ɗana, biki za ta je." Na san kuna jira in ce mun tarar da yaron nan a gaba motarsa ta lalace. Ba mu tarar da shi ba. Ya wuce mu kamar iska, ko ƙurarsa ba mu sake gani ba. Dattijuwa ba ta tsere da kowa, tafiyarta ɗaya ce tun safe har yamma, da wata irin murya mai kauri wadda in ka saba da ita barci take sa ka.

Mun shiga Tudun Wada ana cin kasuwa, yunwa ta fara murɗa mini ciki. Tun daga nesa na hango wata mai tuwon shinkafa da miyar taushe, mutane sun yi mata rumfa, ƙamshi har cikin mota. Na ce, "Iliya, ga wuri." Ko kallo bai yi ba. Ya ce, "Shimfiɗaɗɗen wuri ne." Ya wuce da mu can saman gari, inda wata baiwar Allah take sayar da garau-garau a kan wani tudu mai kyau. Tudun dai ba shi da laifi. Abincin kuwa, na ci shinkafa na ci wake na ci tsakuwa, kuma tsakuwar ta fi dahuwa. Na tambayi Iliya ko shekara nawa yana ci a nan. Ya ce tun da kik ya mutu, kuma haƙori ɗaya kawai ya rasa.

Muna nan sai ga wani dattijo ya tsaya da irin motarmu sak, tasa shuɗiya, ta sha faci kamar rigar manomi. Ba su san juna ba, amma yadda suka gaisa ka ce surukai ne. Kowa ya buɗe gaban tasa, ɗayan ya sunkuya ya kasa kunne, suna gyaɗa kai. Dattijon ya ce tasa ta kai amare biyu 'yan gida ɗaya, uwa da 'ya, yanzu jika yake jira. Iliya ya ce tasa ta kwashe gari guda. Da za su rabu dattijon ya lalubi aljihu ya miƙa wa Iliya wani tsohon fulogi, Iliya ya ba shi guntun fanbel. Na tambaya, Iliya ya ce haka masu irin motar nan suke yi, ba a rabuwa hannu rabbana, mu goro muke ba juna su ƙarfe. Dattijon ya dubi sama ta wajen kudu ya ce mu yi sauri, hadarin Falgore ba ya wasa.

A bakin dajin Falgore akwai shinge, ma'aikatan gandun daji suna duba masu wucewa. Wurin a shimfiɗe yake kamar faranti. Wani mai kaki ya ɗaga hannu ya ce a kashe mota. Na san a kan wa abin zai ƙare. Iliya ya fara ba shi haƙuri, sai mutumin ya ja da baya ya ƙare wa motar kallo, ya zagaya ya taɓa ƙofar hagu. Ya ce, "Wannan ba motar Dauda Direba ba ce? Ita ta kai ni makarantar kwana ina yaro, a kan buhun gero na zauna." Ya leƙo ya gaida Gwaggo har ƙasa, ya ce a gai da Baba Dauda, ya ɗage mana shinge da kansa. Gwaggo ba ta ce masa komai game da halin da Baffa yake ciki ba, ta dai ce zai ji.

Ba mu yi nisa a cikin dajin ba ruwa ya kece. Ruwa ne irin wanda ba ka ganin hancin motarka. Rufin Dattijuwa yana yoyo daidai kan kujerar baya, wato daidai kaina, Gwaggo ta miƙo mini kwanon shan ruwanta na tara. Injin kuwa ko gezau, yana ta gurnaninsa. Da muka kusa fita dajin sai muka tarar da layin motoci. Wata babbar mota ɗauke da masara ta kife a kan kwalbati ta toshe hanya, ruwa yana bi ta kanta. Aka ce sai gobe in an samu abin da zai janye ta.

Wani makiyayi da ke tsaye a gefe da sanda a kafaɗa ya ga tsohuwa a mota, ya matso ya yi sallama. Ya ce rugarsu tana nan kusa a bakin daji, bai kamata uwa ta kwana a titi ba. Muka bi shi ta wani ɗan burtali. Kafin a shiga rugar akwai ɗan tudu, Iliya ya gan shi ya yi hamdala. Ya hau, ya juya hancin mota ƙasa, ya kashe, ya nemo dutse ya saka mata waigi, ya shafa ta kamar mai sallama da yaro.

Mai rugar sunansa Arɗo Buba, dogo siriri, Hausarsa tas sai dai ɗan karin harshe. Ya ce, "Jaɓɓama, sannunku da zuwa." Suna kiwo suna noma, ga masara ta yi kai a bayan bukkoki. Abin da ya ba ni mamaki, har muka ci muka sha ba wanda ya tambaye mu daga ina ko zuwa ina. A Bebeji kafin baƙo ya cire takalmi an san sunan kakansa. Aka kawo tuwon masara da man shanu yana ninƙaya a kai, da kindirmo mai sanyi a ƙwarya, suka ajiye suka ba mu wuri, don su ba sa zama su kalli baƙo yana ci. Na rama abin da garau-garau ya yi mini. Mata suka ja Gwaggo ɗakinsu, mu kuma aka shimfiɗa mana agalemi a bukkar baƙi.

Da asuba bayan mun yi salla, Iliya ya fita duba mota. Na ji shiru ya yi yawa, na bi shi. Na same shi a kan tudun nan a tsaye, hannu biyu a ka. Ga dutsen waigi an ajiye shi gefe a tsanake. Mota babu.

Can ƙasa muka hango ta, a cikin kwari, a gindin wata ɗorawa. An wanke ta fes, an lulluɓe mata gaba da sabuwar tabarma. Ƙafafunta huɗu kuwa sun nutse a taɓo.

Arɗo ya iso yana murmushi, samarin rugar suna biye da shi suna jiran yabo. Ya ce, "Malam, a wurinmu ba a barin abin hawan baƙo a waje ruwa yana dukansa. Da doki ne da mun ɗaure shi a inuwa mun zuba masa harawa. Na ga kun gaji, na ce yara su gangaro da ita a hankali kada a tashe ku."

Iliya ya sauke hannuwansa daga ka. Can ya ce, "Allah ya saka da alheri, Arɗo." Sannan a hankali ya yi masa bayanin tudu da turi. Ina kallon fuskar Arɗo tana sauyawa. Ya ja malafarsa ta rufe masa ido. Ban taɓa ganin kunya ta kama babban mutum haka ba, har na ji tausayinsa ya fi na kaina.

Muka gwada turi. Ni da samari muka sa kafaɗa, tayoyi suna ƙara nutsewa, taɓo yana fallatsa. Mota ba ta tashi da turi sai ta samu gudu, a taɓo kuwa ko tafiyar hawainiya ba ta yi. Santsi ya kwashe ni na zauna daɓas, na tashi na sake zama. Hantsi ya fara ɗagawa. Daga titi muna jiyo ƙarar motoci, alamar an buɗe hanya.

Gwaggo tana zaune a kan wani kututture, ta zuba wa motar ido, carbi a hannu amma ba ta ja. Na je na durƙusa gabanta jikina duk laka. Na ce, "Gwaggo, hanya ta buɗe. Mu fita titi in sa ki a motar haya, kafin azahar kina Riruwai. Iliya ya biyo mu in ta tashi."

Ta ce, "In je in yi masa me?"

"Ki gan shi mana. Mutumin da ya daina cin abinci, ba a san..."

Ta katse ni. "Na sani, Habu. Tun jiya nake lissafin abin da kake tsoro. In na je a motar haya zan gan shi, shi ba zai gan ni ba. Zai tafi yana cewa ya bar ni a ruwa. Gara in makara a wannan da in isa da wuri a wata." Tsoro ya kama ni sosai a lokacin, don na ga za mu iya rasa duka biyun, ga shi ba mu kai motar ba, ga shi ba ta gan shi ba.

Arɗo yana kusa ya ji komai, nan ne ma ya fara sanin abin da ya fito da mu. Ya juya ya yi wa samari magana da Fillanci, gajeriya. Ba a jima ba sai ga bijimai biyu na huɗa da karkiya a wuya. Aka ɗaura igiya a ƙarfen bayan mota. Bijiman suka sunsuni warin mai suka tubure, suka ƙi matsowa. Arɗo ya sunkuya ya ɗebo ɗanyen kashin shanu ya dubi Iliya kamar mai neman izini. Iliya, wanda ko yaro ya jingina da motar nan sai ya yi faɗa, ya ce, "Shafa mata, Arɗo." Ya shafe bayanta da shi tas. Bijiman suka sake sunsunawa, suka ji warin gida, suka tsaya.

Arɗo da kansa ya kama akala yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Suka ja, mu muna turawa ta gaba. Taɓo ya yi wata ƙara ya sake ta. Da baya da baya muka hau da ita har ƙwanƙolin tudun, ni ina addu'a ina haɗawa da tsine wa turmi a zuci. Gwaggo ta shiga ta zauna a wurinta. Gangarar gajeriya ce, a ƙarshenta kuma taɓon nan ne yake jira, in ba ta kama ba mun koma gidan jiya. Iliya ya murɗa makulli, ya saka giya, ya taka kuloci, ya ce, "Dattijuwa, Maigida ne yake kira." Muka sake ta. Ta gangara shiru, ta yi tari, ta yi shiru. Ta sake tari. Saura ƙiris ta faɗa lakar sai ta yi wata girgiza, hayaƙi ya tashi, muryar nan mai kauri ta cika kwarin. Iliya ya karkata ta kan ciyawa ya fice.

Samarin suka yi ta tsalle. Arɗo ya ɗaga malafarsa a karon farko tun safe. Ya sa aka kawo ƙwaryar man shanu ya ce a kai wa mara lafiya. Gwaggo ta raba kifinta biyu ta ba shi, ya karɓa da hannu biyu yana "Useko, useko," wato godiya. Sai a hanya Iliya yake gaya mini mutanen nan kifi bai dame su ba.

Doguwa ba mu tsaya ba, ta taga na gan ta. Daga inda aka ratse zuwa Riruwai hanya ta zama hawa da duwatsu, ruwa ya zaizaye ta. Iliya ya saka babbar giya, Dattijuwa ta sunkuyar da kai tana hawa a hankali, ba ta yi zafi ba, ba ta yi gardama ba. Muka fara ganin tsofaffin ramukan kuza cike da koren ruwa, da gidajen Turawan da rufinsu ya yi tsatsa. Garin taron dangi ne, a bakin kasuwa kaɗai na ji harsuna uku da ban san su ba, kowa kuma in ya juyo sai ya gaishe ka da Hausa.

Gidan Baffa yana can ƙarshen wani lungu, a ƙasa, wuri shimfiɗaɗɗe wanda ko ƙwallo ka ajiye ba za ta motsa ba. Na dubi Iliya ina jiran ya nemi tudu. Bai nema ba. Ya kutsa lungun har bakin zaure ya tsaya, ya bar injin yana aiki.

Inna Hanne, matar Baffa, ta fito da gudu ba ko mayafi. Ba mu gama sallama ba sai muka ji murya daga cikin zaure, siririya amma a tsaye.

"Iliya."

Iliya ya fito daga mota ya durƙusa a kan laka. "Na'am, Maigida."

"Salansarta ta fara huci. Ba ka ji ba ne?"

"Na ji, Maigida. Zan duba."

Sannan muryar ta ce, "Ka ɗauko ta?"

Hawaye yana bin furfurar gemun Iliya. Da ƙyar ya ce, "Na ɗauko ta."

"Ku kai ni in gani."

Ni na shiga na ɗauko shi. Baffan da na sani ƙato, wanda yake ɗaga buhun gero da hannu ɗaya, ya koma ba nauyi, kamar rigar da aka ninke. Na zaunar da shi a kujerar direba. Hannunsa ya lalubi sitiyari ya sauka daidai inda ya goge, ya laluba ya danna ham sau biyu. Gwaggo tana bayansa ba ta motsa ba, ta dai buɗe ƙofarta ta bar ta a buɗe.

Bai waiwaya ba ya ce, "Asabe, kin shiga?"

Ta ce, "Na shiga, Yaya."

"Ɗaga ƙofar. Ba ta rufuwa sai an ɗaga."

Ta ɗaga ta rufe. Ya kasa kunne ya ji ƙarar rufuwar, ya gyaɗa kai. Sai kuma fuskarsa ta ɓaci, ya yi ƙasa da murya.

"Turmin fa?"

"Yana baya, Yaya. An saka shi."

Na zagaya na buɗe baya na ƙwanƙwasa turmin da hannu don ya ji. Injin yana ta gurnani a ƙarƙashinmu. Can ya saki sitiyari ya miƙa hannu ta kan kafaɗarsa, Gwaggo ta kama da hannu biyu.

Ya ce, "Ashe akwai wuri."

Gwaggo ta kifa goshinta a kan hannunsa tana kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, Inna Hanne ma ta yi. Shi kuwa ya jingina da kujera ya sauke numfashi, ya ce, "Iliya, kashe ta haka nan, ta huta. Hanne, akwai kunu? Mun sha hanya."

Ya sha kunun nan da man shanun Arɗo, Gwaggo tana ba shi a ludayi. 'Yan kwanakin da suka rage masa bai sake tambayar mota ba, bai sake maganar ruwa ba. Wani lokaci ya san Gwaggo, wani lokaci ya ɗauke ta kakarmu ce, amma kullum ya san tana gidan. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa, tana zaune a gefensa. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Bayan sadakar uku muka yi shirin dawowa. Gwaggo ta bar wa Inna Hanne turmin, ta ce ya gama tafiyarsa. Dattijuwa tana nan inda Baffa ya ce a kashe ta, a shimfiɗaɗɗen lungu, babu gangara ko ta taki ɗaya. Na naɗe hannun riga ina shirin wahala, sai na ga mutanen unguwa sun fito, masu haƙar kuza da manoma da limaminsu, kowa ya nemi inda zai dafa. Ina waiwayawa sai na ga Gwaggo a cikinsu, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta dafa bayan motar daidai inda kashin shanun Arɗo ya bushe.

Na ce, "Gwaggo, ki shiga mana, mun isa."

Ta ce, "Bar ni in tura ta ko sau ɗaya ne, Habu. Ta makara, amma ta koma ta ɗauko ni."

Muka tura. Kafin mu kai bakin lungun ta kama.